Digiri Na Biyu Da Na Uku: Bashin Da Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa Ke Bin Masu Karatu

 

Duk lokacin da jami'o'inmu suka buɗe neman gurbin karatun digiri na biyu da na uku, akwai wata muhawara da kan tashi a zauruka da tsakar gidaje wadda ba a jin ta a rediyo. Yaro ya gama hidimar ƙasa ya dawo gida, aiki bai samu ba, sai ya ce zai koma makaranta. Uba ya dubi rumbu, ya dubi ƙannen yaron, ya ce shin wannan karatu ba ya ƙarewa ne? In kuwa 'ya mace ce, sai zancen aure ya shigo ya rufe bakin kowa. A ƙasar Pauwa da maƙwabtanta, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tambayar ta fi nauyi, domin kuɗin karatun daga gona zai fito, gonar kuwa ba kowace damina ake samun ikon zuwa ba. Uban da ya yi wannan tambaya bai cancanci a kira shi maƙiyin ilimi ba. Yana da haƙƙin a ba shi amsa, kuma amsar da muke da ita ita ce: karatu mai zurfi farilla ce ta kifaya a kan al'ummar wannan yanki, amma ba kowane mai riƙe da takardar digiri na biyu ne ya sauke ta ba.

Ma'anar farillar kifaya sananniya ce ga duk wanda ya zauna gaban malami. Aiki ne da in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari, laifi ya hau kan kowa. Aya ta 122 a Suratut Tauba ta shimfiɗa tsarin: ba kowa zai fita ba, wani rukuni ne daga kowace jama'a zai keɓe kansa ya zurfafa fahimta, sa'an nan ya dawo ga mutanensa da abin da ya samo. Akwai fita, akwai zurfafawa, akwai dawowa. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, har ya yi kukan cewa a zamaninsa ana iya samun gari guda babu likita Musulmi, alhali mutane na cunkoso a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu saboda nan ne ake samun muƙami da kusanci ga masu mulki. Wanda ya rasu a shekarar 1111 ke nan yake kwatanta halin da muke ciki kamar yana zaune a Funtuwa.

Neman ilimi bayan an riga an zama malami ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. 'Yandoto, da ke kusa da Tsafe, maƙwabciyar Ƙanƙara da Faskari, ta yi ƙarnoni tana karɓar almajirai manya waɗanda suka riga suka sauke, suka zo neman fannoni. A birni an yi Ɗan Masani da Ɗan Marina a ƙarni na 17, ga kuma hasumiyar Gobarau tana tsaye tana shaida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littafin da ya ɗauka daga kowanne. Tsarin ijaza ke nan: malami ya sa sunansa da mutuncinsa a kan ɗalibi, ya shaida cewa wannan ya ƙware, a karɓa daga gare shi. Abin da jami'a ke nufi da digirin digirgir, in an bi asalinsa, bai yi nisa da haka ba. Digiri na farko yana koya wa ɗalibi abin da aka riga aka sani. Na biyu yana koya masa yadda ake bincike, yadda ake auna hujja, yadda ake bambance zato da tabbas. Na uku kuwa ana neman ya ƙara wani abu, ko da ƙanƙani ne, a kan abin da mutane suka sani, kuma ya kare shi a gaban waɗanda suka fi shi.

Akwai wani Bakatsine da ya kamata ɗalibanmu su san labarinsa, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Ya yi karatu a ƙasarmu, ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi da masana lissafi ke ambato har gobe, ya kuma rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. Muna alfahari da shi, kuma ya cancanta. Sai dai alfaharin yana da ɗaci a ƙarshensa, domin littattafansa a Masar suka zauna, Katsina suna kawai ta samu. Ashe tafiyar ƙwararru ba a dawo ba tsohon ciwo ne.

Kishiyar wannan misali shi ne marigayi Dakta Yusufu Bala Usman. Littafinsa na 1981, wanda ya samo asali daga kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, a kan sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta gani ne daga 1400 zuwa 1883. Bai zauna a ɗakin karatu ya kwafe abin da Turawa suka rubuta ba. Ya bi garuruwa, ya zauna da dattawa, ya karanta takardun Larabci, ya fito da hujjar cewa ba a fahimtar jihadi da abin da ya biyo baya in an taƙaita shi a kan faɗan Fulani da Haɓe. Mai karatu ya dubi yadda ake fassara rikicin dajinmu a yau da wannan taƙaitawar dai, sa'an nan ya faɗa mana ko bincike na gaskiya yana tsufa.

To, me wannan yanki yake buƙata daga masu karatu mai zurfi? Bari mu fara daga fanninmu, tun da shafin addini ne. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Duniya ta ji wannan saboda yawansu. Waɗanda aka ɗauka ɗaya-ɗaya da biyu-biyu daga gonaki da hanyoyin kasuwa, kafin wannan rana da bayanta, ba wanda ya ƙirga su sai iyalansu. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar mas'alar fiƙihu a gida. Matar da aka tafi da mijinta shekara biyu, ba gawa ba labari, yaushe za ta yi idda? Mazhabarmu ta Malikiyya ta yi bayanin matar wanda ya ɓace, da jiran shekara huɗu bayan an kai ƙara gaban alƙali, ta kuma bambanta wanda ya ɓace a zaman lafiya da wanda ya ɓace a fitina da wanda aka kama fursuna, ta yi magana a kan matar da ba a bar mata abin ciyarwa ba. A wane babi za a sanya wanda aka shiga da shi dajin Rugu? Yaushe za a raba gadonsa? Manomin da sai ya biya 'yan bindiga kafin su bar shi ya girbe, yaya lissafin zakkarsa? Ana iya fitar da kuɗin fansa daga zakka? Yarinyar da ta dawo da juna biyu, mene ne hukuncin abin da ke cikinta, mene ne haƙƙinta a kan danginta da mijinta?

Ga kuma sulhu. A 2019 gwamnatin Aminu Bello Masari ta bi dazuzzukan waɗannan ƙananan hukumomi tana zama da masu ɗauke da makamai, abin bai ɗore ba, aka kuma sake komawa ga zaman sulhu a 2025. Ayoyi na 33 da 34 na Suratul Ma'ida sun yi magana a kan 'yan fashi da kuma wanda ya tuba kafin a ci ƙarfinsa, malamai kuma sun yi dogon bayani a kan abin da tubar ke kankarewa na haƙƙin Allah da abin da ba ta kankarewa na jini da dukiyar bayi. Wa ke da ikon yafe jinin wanda aka kashe, hakimi ne ko magada? Shanun da aka kora fa? Waɗannan tambayoyi limaman ƙauye ke fuskanta kullum, kowa yana amsawa gwargwadon abin da ya tuna, wani lokaci gari biyu maƙwabta da fatawa biyu masu karo da juna. Malaman Magrib sun tattara irin waɗannan sababbin mas'aloli na zamaninsu, har Wansharisi ya cika mujalladai da su a cikin Mi'iyar. Mu kuwa sassan nazarin addinin Musulunci da na Shari'a a jami'o'inmu suna yaye masu digiri na biyu duk shekara, amma kaso mai yawa na kundayen ba ya wuce tarihin rayuwar malam wane da gudummawarsa, ko maimaita babin da aka riga aka tatse. Tarihin malamai abu ne mai kyau. Amma ɗalibin da ya fito daga Sabuwa ko Daudawa, ya san waɗannan mata da sunayensu, ya kuma zaɓi ya rubuta abin da ba zai share hawayen ko ɗaya daga cikinsu ba, ya kamata malamin da ke duba aikinsa ya tsayar da shi.

A fannin kimiyya misalin da ya fi ba mu takaici shi ne farar ƙasar Ƙanƙara. Duk wanda ya leƙa kundayen sashen injiniyan sinadarai na Zariya zai ga sunan Ƙanƙara yana ta maimaituwa. An gwada wannan ƙasa, an auna ta, an nuna ana iya fitar da sinadarin tace ruwan sha daga gare ta, da kayan tangaran, da abubuwan da matatun mai ke buƙata. Mutane da dama sun zama daktoci da farfesoshi a kanta. Mutumin Ƙanƙara kuwa har yanzu haƙa yake yi da diga, a loda a mota a tafi da ita ɗanya a kan kuɗi kaɗan. Laifin ba na masu binciken kaɗai ba ne, domin ɗalibi ba shi ke kafa masana'anta ba. Amma ilimin da ya tsaya a kanta yana shan ƙura ya shiga cikin abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga gare shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito, wato ilimin da ba ya amfani. Masu kuɗinmu da ke gina otal a Abuja su ma za a tambaye su.

Inda aka haɗa bincike da aiki kuwa, an ga amfaninsa a wannan ƙasa tamu. Tun zamanin Turawa Daudawa ta yi suna da gonar gwaji da yaɗa irin auduga. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da Gombe, shi ya taimaka masara ta zama abin da ta zama a kudancin Katsina. Irin da manomi ke saya a yau mai jure fari ko ƙuduji, aikin masu digirin digirgir ne na cibiyar binciken noma ta Samaru, waɗanda suka yi shekaru suna auratayya tsakanin iri da iri. Manomin bai san sunansu ba, amma ladansu na cikin kowane buhu. Haka asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana gyara matan da suka kamu da yoyon fitsari, yana kuma horar da likitocinmu. Wannan aiki ba ya yiwuwa da digirin likita na farko kawai, sai da ƙwarewa ta shekaru a bayansa. A nan ne muke roƙon iyaye da mazaje su yi wa kansu adalci. Mutum ba zai ce ba ya son namiji ya duba matarsa a ɗakin haihuwa ba, sa'an nan ya hana 'yarsa ko matarsa zurfafa karatun da zai samar da mace ƙwararriya. Aure da karatu ba kishiyoyi ba ne. Nana Asma'u da aurenta da 'ya'yanta ta yi rubutu cikin harsuna uku ta kuma tsara 'yan taru. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta sharaɗin tun wajen neman aure, a kuma cika shi.

Duk da haka ba za mu ce wa kowane mai digiri ya koma makaranta ba. Wanda zai koma don kawai ya ɓuya daga zaman kashe wando, ya sani shekara biyu za su wuce ya dawo ya tarar da abin da ya gudu yana jiransa, ga bashi ya ƙaru. In uba zai jinginar da gona ko ya sayar da shanun huɗa, yana da haƙƙin ya tambayi ɗansa wace matsala zai bincika, wa zai koyar da shi, kuma wa zai amfana in ya gama. Yaron da ya kasa amsa waɗannan cikin Hausar da mahaifinsa zai gane, bai shirya ba tukuna, ya nemi sana'a ko koyarwa ya tara nasa. Ma'aikacin da ke neman digiri na biyu don ƙarin girma bai yi laifi ba, neman halal ibada ne, muddin zai yi karatun da gaske. Gargaɗi mai tsanani ya fi shafar wanda ya nemi ilimin addini don a kira shi malam. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya sanya irin wannan cikin mutum uku na farko da za a yi wa hukunci ranar ƙiyama. A da kalmar da ake kwaɗayi ita ce malam ko shehi, yau ta koma dakta, har ta kai ana auna wa'azi da harafin da ke gaban sunan mai yin sa, ana raina tsohon da ya yi shekara arba'in yana karantar da Muhtasar a zaure.

Kwaɗayin lakabi ne ya buɗe kasuwar jabu. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Binin da Togo a farkon 2024. Wannan ya fito fili. Wanda bai fito ba shi ne kundin da ake saya a shagon kwamfuta, da alƙaluman da ake ƙirƙira a ɗaki a ce an je ƙauye an tattaro, da aikin wani da ake cire sunansa a sa na wani, yanzu kuma ga manhajojin da ke rubuta babi guda cikin minti kaɗan. Hukuncin wannan a Musulunci ba ɓoyayye ba ne: algus ne, shaidar zur ce, albashin da aka ci da irin wannan takarda kuma akwai magana a kansa. Illarsa ta zarce mai yin sa. In aka ƙirƙiri alƙaluma a kan yawan yaran da yunwa ta kama a Faskari, wata hukuma ta ɗauka ta yi kasafi a kai, yaro ne zai biya da ransa. Malaman hadisi sun jefar da ruwayar mutum saboda ƙarya ɗaya, bai kamata jikokinsu su zama masu sassauci a wannan babi ba.

Malaman jami'a ma amana ce a wuyansu. Karatun da aka tsara a gama cikin shekara biyu yakan kai huɗu ko biyar, wani lokaci saboda yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas, wani lokaci kuwa don babi ɗaya ya kwana wata shida a teburin mai dubawa. Ɗalibin da ya taso daga Sabuwa zuwa Zariya ko Katsina a kan hanyar da kowa ya san haɗarinta, ya isa a ce masa malam ya yi tafiya, an zalunce shi, kuma zalunci ba ya canza suna don mai yin sa farfesa ne. Balle kuma wanda ke neman abin hannun ɗalibi, ko abin da ya fi wannan muni daga ɗaliba.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ke yanke wa yawancin 'ya'yan talakawa hanya. Tallafin TETFund na malaman manyan makarantu ne, wanda bai riga ya sami aikin koyarwa ba ba ya cikin lissafi. Jihar Katsina na da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Alƙalam da ta tarayya a Dutsin-Ma, ga Zariya da Kano kusa, saboda haka ba dole sai an haye teku ba. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauki nauyi. Magabata sun warware wannan da waƙafi. Da shi Azhar ta rayu, da shi Ƙarawiyyin ta Fas ta rayu, kuma tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta a Alƙahira don masaukin ɗalibansu da alhazansu. Mu a yau mun iya gina masallaci na biyar a unguwar da huɗu ba su cika ba, amma da wuya ka ji attajirin da ya tsayar da shaguna goma ya ce kuɗin hayarsu na karatun ɗaliban garinsu ne har abada.

Muna ganin ƙungiyoyin ci gaban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tare da hakimai da limaman Juma'a, za su iya fara wannan ba tare da jiran gwamnati ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma buhu ɗaya daga kowane babban manomi a kaka ya isa ya riƙe ɗalibi biyu ko uku a shekara. A zaɓe su da jarrabawa a bainar jama'a, kada ya zama rabon 'ya'yan manya. A rubuta yarjejeniya da shaidu cewa batun binciken daga matsalolin yankin zai fito, kuma wanda ya gama zai yi wa yankin aiki na wasu shekaru ko ya mayar da abin da aka kashe don wani ya samu. A ƙara da sharaɗi guda wanda jami'o'in kansu ya kamata su ɗauka: kowane kundi a taƙaita shi da Hausa cikin shafi biyar, da boko da ajami, a karanta shi a gaban mutanen da aka yi binciken a kansu, a bar kwafi a hannun limami da shugaban makarantar garin. Dattijon da ya ba da awa uku yana amsa tambayoyin ɗalibi a kan gonarsa ko a kan ɗansa da aka sace, a koma a faɗa masa abin da aka gano.